Safayar da ke Ƙarƙashin A-kori-kura

Duk mai bin hanyoyin ƙasar Hausa ya san Hilux. Ita ce motar 'yan kwangila da jami'an tsaro da ma'aikatan agaji, idan ta tsufa kuma ta koma kwaso buhunan masara daga gona. Tun 1968 kamfanin Toyota ke ƙera ta, kuma ta yi suna wajen juriya. Sai dai da yawa daga masu tuƙa ta, da masu tuƙa sauran a-kori-kura irin su Ford Ranger da Mitsubishi L200, ba su taɓa sauke safayar motarsu da hannunsu ba. Sun dai san tana can ƙarƙashi a maƙale. Ranar da taya ta yi faci a dokar daji, ba mai faci kusa, ba sabis a waya, ranar ce mutum zai fara neman inda ake kwance ta, ga rana ta kusa faɗuwa.

Dalilin ajiye ta a can ba ɓoyayye ba ne. Bayan motar na ɗaukar kaya ne, tayar kuma babba ce, ita da wilinta sukan kai kilo 30. Don haka aka rataye ta a ƙasan bodi, tsakanin tayoyin baya da bamba. Abin da ke riƙe da ita wani ɗan injin naɗi ne mai sarƙa, a wasu motocin kuma igiyar ƙarfe, yana aiki kamar yadda ake zura guga a rijiya a jawo. A bakin sarƙar akwai wani faffaɗan ƙarfe da ke shiga ta ramin tsakiyar wili ya gitta, shi ne ke tallafe da tayar gaba ɗaya.

Kafin a taɓa komai, a fitar da mota daga kan titi zuwa wuri mai tauri da ba gangara. A ja birkin hannu, a sa giya, a kunna fitilun gargaɗi, a ajiye si-koshin nesa da mota yadda mai tahowa zai gani tun da wuri, a kuma sa dutse a tokare tayar da ke ɗaya kusurwar. Kuma a sauke safaya tun mota tana kan ƙafafunta, kafin a sa jak. Mutane kan yi akasin haka: su ɗaga mota, su cire tayar da ta sace, sannan su rarrafa ƙarƙashi suna fama da safaya suna jijjiga motar. Jak abin ɗagawa ne na ɗan lokaci, ba a kwanciya ƙarƙashin motar da shi kaɗai ke riƙe da ita.

Kayan aikin suna cikin motar, galibi a ƙarƙashin kujerar baya ko a bayanta: jak, sifanar kwance noti, da wasu sandunan ƙarfe biyu ko uku da ake haɗawa su zama doguwar sanda guda. A haɗa su da kyau, a ɗaure ɗan ƙusar da ke mahaɗarsu idan akwai, don in sanda ta rabu a cikin rami sai an sha wahalar zaro guntun. Idan ka tsaya a bayan motar ka duba tsakanin bamba da ƙofar bodi, kusa da lamba, za ka ga wani ɗan rami. Ta nan sandar ke shiga, ta yi tafiya har ta tarar da bakin injin naɗin. Wannan lalube ne, ido ba ya gani. Sai ka riƙa juya sandar a hankali har ka ji ta faɗa gurbinta ta cije. Fitilar waya tana taimako a nan, wani ya durƙusa ya haska ta ƙasa yana cewa ɗan ɗaga, ɗan yi dama.

Da ta cije, sai ka sa mariƙi ka juya hagu. Taya za ta fara sauka. Kada ka tsaya don ta taɓa ƙasa; ci gaba da juyawa har sarƙar ta yi sako-sako, yadda za ka iya jawo tayar waje daga ƙarƙashin bamba. Sannan ka ɗan ɗaga gefenta, ka karkata faffaɗan ƙarfen nan ya tsaya a tsaye, ka zare shi ta ramin wili. Idan komai lafiya, aikin bai fi na 'yan mintuna ba.

Matsalar ita ce ba kasafai komai ke zama lafiya ba. Wurin da aka rataye tayar shi ne wurin da ya fi ko'ina shan azaba a jikin mota. Taɓon damina yana cika injin naɗin, ƙurar hunturu ta bi ta daskare a kai, tsatsa ta kama sarƙa. Motocin da aka shigo da su daga yankunan Amurka da Kanada masu ƙanƙara ma sun fi muni, domin a can gishiri ake zubawa a titi, gishirin kuma yana cin ƙarfe. Idan ka juya ka ji ya ƙi, kada ka sa ƙarfi, kada kuma ka bari bakanike ya sa masa injin kwance noti mai iska, yakan lalata haƙoran ciki. A fesa man sassauta tsatsa irin su WD-40, in babu ko kananzir ne a ɗiga, a ba shi lokaci, sannan a riƙa juyawa dama kaɗan hagu kaɗan har ya saki. Wani lokaci sarƙar ta saki amma tayar ta manne a jikin bodi saboda busasshen taɓo. A tsaya daga gefe a buge ta da ƙafa, kada kai ko hannu su kasance ƙarƙashinta.

Akwai kuma makulli. Ɓarayi suna son safaya, tunda ana iya kwance ta mai mota bai ankara ba sai bayan watanni. Shi ya sa wasu motoci, kamar Ford F-150, suke da makulli a bakin ramin, sai an buɗe da makullin mota kafin sanda ta shiga. Wasu Chevrolet Silverado da GMC Sierra suna da wata sakata ta biyu da ke kama tayar idan igiya ta tsinke. Tsatsa takan sa sakatar ta ƙi saki, ka ga igiya ta sauko taya tana sama, sai an sa jak a ƙarƙashin tayar an ɗan tura ta sama kafin ta kwance. Mu kuma nan mukan ƙara da sarƙa da kwaɗo, dabara ce mai kyau, in dai makullin kwaɗon yana cikin mota ba a aljihun tsohon direba ba. Mai sayen motar hannu, 'yar Kwatano ce ko ta gida, ya kamata ya ce a sauke safaya a gabansa kafin ya biya kuɗi. Sau da yawa a nan ne za a gane sandunan ba sa cikin motar, ko tayar da ke ƙasa ba girman sauran ba ce.

Ko ta sauko, saura a ga ko za ta yi aiki. Taya tana rage iska a hankali ko ba a hau ta ba, robarta kuma tana tsufa. A gefen yawancin tayoyi akwai rubutun da ya fara da DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Kamfanonin mota da dama suna cewa a canza tayar da ta kai shekara 6, manyan masu yin taya kuma suna cewa kada ta wuce 10 ko da zanenta bai goge ba. Safayar da ta bushe ta tsattsage, a ɗora mata lodi a kan kwalta mai zafin watan Afrilu, ba za ta kai ka nesa ba. A ganina duk lokacin da aka je juyen mai, a sauke ta, a wanke sarƙar a shafa giris, mai faci ya auna iskarta, direba kuma ya yi aikin da hannunsa maimakon ya zauna a inuwa yana kallon yaron gareji.

Wajen mayarwa, a duba littafin motar a ga ta ina bawul zai fuskanta, domin wasu sama suke so wasu ƙasa. A zura ƙarfen ta ramin wili, a tabbata ya gitta daidai a tsakiya, a juya dama har tayar ta manne da bodi. Sannan a kama ta da hannu biyu a girgiza. Idan ta motsa a ƙara ɗaurewa, domin mai lilo tana cin sarƙa a kan gargada, wata rana ta faɗo a gaban motar da ke biye. Idan kuma an sa wa motar tayoyin da suka fi na asali girma, wadda aka cire ba lallai ta shiga gurbin ba. A jefa ta bayan bodi a ɗaure da igiya, a naɗe sarƙar sama don kada ta riƙa jan ƙasa.