Yadda Ake Rabon Magana a Kan Wi-Fi

Sau da yawa na kan ji 'yan'uwana ɗalibai suna kuka da Wi-Fi, wai da asuba ya na gudu, amma da maraice sai ya sanyaya. Waɗansu su kan ɗora laifin a kan kamfanin sadarwa. Lalle wani lokaci haka ne, amma akwai wani dalili da na ke so in bayyana.

Wi-Fi dai rediyo ne. Wayoyi da kwamfutocin da ke haɗe da rauta ɗaya duk a kan layi ɗaya su ke, kuma bisa ga tsohuwar ƙa'ida ɗaya kaɗai ke iya magana a lokaci guda. In biyu suka aika tare sai saƙonnin su yi karo, su lalace, a sake. Duk wanda ya taɓa koyar da aji mai yara sittin ya san wannan.

Mutanen Jami'ar Hawai ta Amurka, a ƙarƙashin Norman Abramson, su ne suka fara haɗa kwamfutoci ta rediyo haka a 1971. A tsarinsu kowa ya kan aika sa'ad da ya ga dama, sabo da haka abin da ke isa lafiya bai wuce kashi 18 cikin 100 na ƙarfin layin ba. Da aka kafa ƙa'idar Wi-Fi a 1997 sai aka sa ladabi. Watau na'ura ta kan kasa kunne tukuna. In ta ji wata na magana sai ta jira, ta kuma ja ƙuri'a, ta zaɓi lamba tsakanin 0 da 15, ta ƙirga har ta ƙare kafin ta aika. In duk da haka an yi karo, sai a faɗaɗa ƙuri'ar zuwa 31, sa'an nan 63, har 1023. To, kun ga in jama'a sun yi yawa, jira da karo su ke cinye lokacin.

Ga kuma wata wahala. Wayar da ke nesa da rauta, ko bayan katangar siminti, dole ta yi magana a hankali. Muddin ta na yi kuwa kowa na jiranta. Wi-Fi 6, wanda ya fito a 2019, ya rage wannan asara, gama ya kan tsaga layi ƙanana ƙanana, ya ba na'urori da yawa a lokaci guda.

Mu a nan Bauchi, daga ɗakunan kwanan ɗalibai na Yelwa har shagunan Wunti, ba sai mun jira sababbin kaya ba. A ajiye rauta a tsakiyar ɗaki, a sama. A zangon gigahaz 2.4 layi 1 da 6 da 11 ne ba su hawan juna, sai maƙwabta su shirya, kowa ya ɗauki nasa. Mai wayar da ke karɓar gigahaz 5 ya koma can, inda layi ya fi yawa. Babban zaure kuwa ya fi son rauta biyu ko uku a kan layi daban daban.

Saura kuma halinmu. Wanda ya ke sauke fim da maraice ya tuna akwai ɗan'uwansa da ke ƙoƙarin yin rajistar jarrabawa kafin a rufe. Ya bari sai dare ya yi.