Gaskiya ko Jita-jita: Gyaran Waƙar Sabon Marubuci

Matasanmu da yawa suna rubuta waƙa a yau, su tura ta zaurukan WhatsApp da Facebook, su jira abin da jama'a za su ce. Akwai wasu maganganu game da gyara da suka daɗe suna yawo a tsakaninmu har muka ɗauke su gaskiya.

"In ƙarshen layuka ya yi daidai, waƙa ta tsaru"

Amsa-amo ɓangare ɗaya ne kawai. Rubutacciyar waƙar Hausa tana tafiya ne bisa kari, wato jerin gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi, kuma malamanmu na da sun ɗora ta a kan ma'aunan arulin Larabci irin su Kamil da Basiɗ da Mutadarik. Abin da ya yaɗa wannan kuskure shi ne, ido yana ganin amsa-amo amma ba ya ganin kari, domin rubutunmu na boko ba ya nuna dogon wasali. Ga shi kuma yawancinmu a fuskar waya muke karanta waƙa, baki a rufe. Don haka mai son gyara ya fara rera baitin tukuna, ko ya roƙi mai waƙar ya turo ta da murya. Inda harshe ya yi tuntuɓe, nan karayar take.

"Yawan 'Allah ya ƙara basira' shaida ce waƙa ta yi kyau"

Addu'a ce mai kyau, ba mu raina ta ba. Sai dai kunya da kara sukan sa mu yi wa kowa ita, gwani da ɗan koyo, kuma ba ta faɗa wa mai waƙa wane baiti ne ya tsaya da ƙafarsa.

"Wanda ya nuna maka kuskure hassada yake yi"

Wannan zato yana da tushe. Wasu kan yi gyara a bainar jama'a da gatse, su taɓa mutum su bar waƙa, kuma wanda aka yi wa haka sau ɗaya zai daɗe yana zargin kowa. Amma akwai hanyar rarrabewa. Gyara na gaskiya yana nuna wuri: baiti na uku ya bar jigo, ko an cusa wata kalma don a cika amsa-amo alhali ma'anarta ba ta dace ba. Ana iya komawa a duba. Ai don haka Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa hanyar feɗe waƙa ta fuskar jigo da salo da zubi da tsari, domin sharhi ya zama abin da ake kafa wa hujja. A ganinmu, gyara mai nauyi ya fi karɓuwa in an kai shi a keɓe.

"Manyan mawaƙa ba su taɓa barin wani ya sa musu hannu ba"

Tarihi bai nuna haka ba. A shekarun 1970 mawaƙan ƙungiyar Hikima ta Kano, ƙarƙashin jagorancin Mudi Sipikin, haɗuwa suke yi su karanta waƙoƙinsu a gaban juna. Kafin su ma, akwai al'adar tahamisi, inda mawaƙi kan ƙara layuka uku a kan kowane baiti mai layi biyu na wani. Waƙar "Tabbat Haƙiƙa" Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne ya tsara ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mai da ita Hausa, Isa ɗan Shehu kuma ya yi mata tahamisi.