Ƙaramar Mesa Da Ladabin Ciyar Da Ita

Bahaushe ba ya son ambaton maciji da dare, sai ya ce igiyar ƙasa. Tsoron daɗaɗɗe ne, ga labarin macijin rijiyar Kusugu a Daura, wanda aka ce ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. In ba gardi ba, wa zai ajiye maciji a ɗaka? Amma a Amurka da Turai akwai wata ƙaramar mesa da ake kiwo cikin akwatin gilashi, kuma 'yar yankinmu ce. Daga Togo da Benin da Ghana aka fi fitar da ita, akwai ta a Najeriya, a garin Wida na Benin ma har ɗakin bauta aka gina mata.

Ba ta da dafi, tsawonta bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba. In ta tsorata sai ta dunƙule kamar gammo, ta cusa kanta a tsakiya. A dawa takan wuni cikin ramin ɓera ko tsohon suri, sai dare ya yi ta fito farauta. Da harshe take ɗanɗano warin iska, sannan a leɓenta na sama akwai 'yan ramuka da ke jin ɗumin jikin dabba ko da cikin duhu.

Nan ne tushen yawancin tsautsayi. Mutum ya taɓa ɓera, bai wanke hannu ba, ya zura shi cikin akwati. Ga warin ɓera, ga ɗumi, me ya rage? Sai ta kai cafka. Haƙoranta ƙanana ne masu lanƙwasa ciki, wanda ya fizge hannu ya yage fatarsa, ita ma ya karya mata haƙori. Garaje ba ƙarfi ba ne. A tsaya cik, a zuba mata ruwan sanyi a kai, za ta saki. Sabo da kaza ba ya hana yanka ta, haka sabo da mesa ba ya hana miƙa mata abinci da dogon hantsaki.

Abin da ya fi ban tausayi shi ne a jefa mata ɓera mai rai a tafi a bar su. In ba ta jin yunwa sai ta dunƙule, shi kuwa ɓera ya hau gaigayar bayanta har ya kai ga ƙashi. Shi ya sa masu kiwo na ƙwarai suke sayen ɓeran da aka daskarar. Sukan narkar da shi a firji, su sa shi a leda cikin ruwan ɗumi, su latsa cikinsa don tabbatar da babu sauran ƙanƙara. A wanke hannu bayan haka, don ɓeran da macijin duk suna iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela.

Kwaɗayi mabuɗin wahala. Kada kaurin ɓeran ya wuce wurin da jikinta ya fi kauri. Ƙarama takan ci bayan kwana 5 zuwa 7, babba kuwa bayan kwana 10 zuwa 14. In ta haɗiye, a ƙyale ta kwana biyu ba ɗauka, a kuma bar gefe ɗaya na akwatin da ɗumin digiri 31 zuwa 32, domin da zafin waje take narkar da abinci. Sanyi ko yawan jagwalgwalo kan sa ta amayar da shi. In hakan ta faru, a jira kamar mako biyu kafin a sake ba ta. Kada a haɗa mesa biyu kan abinci guda.

Wani lokaci takan ƙi ci, musamman in idonta ya yi hazo za ta yi saɓa, ko a lokacin barbara, har ta yi watanni. Muddin ba ta rame ba, ba a ɗura mata, a dai riƙa auna nauyinta. In ta fara zubewa, sai a nemi likitan dabbobi.

Wannan halitta takan yi shekara 20 zuwa 30 a hannun mutum. Duk wanda ya raba ta da dawa ya ɗauki amanar rai, kuma haƙƙinta ne ya auna yunwarta da cikinta, kada ya auna da nasa.