Kafin Ki Ƙwace Littafin Daga Hannun 'Yarki

Uwargida, iyaye mata a nan Kajiji sun sha kawo mini ƙara a Islamiyya, wai 'yan matansu sun nutse a littattafan soyayya. Ni dai ba na goyon bayan ƙona su. Canja mata abin karantawa.

Shi kansa Abubakar Imam makaranci ne kafin ya zama marubuci. Daga Alfu Laila da Kalila wa Dimna ya ɗebo wasu labaran Magana Jari Ce a 1937. Fara mata da shi.

In ta tasa, ba ta Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, marubuciyar da aka cire daga makaranta aka aurar tana ƙarama. Sai tarihin Nana Asma'u, tamu ta Sakkwato.

Amma ki riga ta karantawa, ko da bayan yara sun yi barci ne.