Dogon Maraɗi, Idan Aka Hango Shi Daga Wurno

Duk sanda aka sake ambaton layin dogon Kano zuwa Maraɗi a labarai, sai tsohuwar gardama ta tashi: me ya kai kuɗin Najeriya wata ƙasa? Tun da majalisar zartarwa ta amince da aikin a Satumban 2020, aka kuma aza harsashinsa a Fabrairun 2021, wasu ke cewa Buhari ne ya yi wa danginsa na Nijar gata. Bayanin aikin ba shi da wuya. Kamfanin Mota-Engil ne da kwangilar, kuɗinta kusan dala biliyan 2, tsawon layin kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, kuma abin da ya ratsa cikin Nijar ɗan guntu ne. Nijar ba ta da teku, ana so kayanta su bi ta Legas maimakon Kwatano. Shi ke nan.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wannan "wata ƙasa" da ake nanatawa. Mai faɗin haka ya zo Wurno ya tambayi dalilin kafa garin.

Bayan faɗuwar Alƙalawa, fadar Gobir, a 1808, Gobirawa ba su miƙa wuya ba, arewa suka ja. Haka sarautar Katsina, wadda masu jihadi suka kora, ta je ta sake tsayuwa a Maraɗi a ƙarƙashin Ɗan Kasawa. Daga can ne hare-hare suka riƙa gangarowa ta kwarin Rima. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ga zaman Sakkwato kaɗai ba zai tare wannan ƙofa ba, sai ya jera garuruwan ribaɗi, ya zaunar da mutane su yi noma, su yi karatu, su yi gadi. Wurno ce babbarsu, kuma can ya tare da kansa. A 1836 ya fita ya gamu da taron dangin Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawa a Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda suka kwanta dama. Shekara guda bayan nan Bello ya rasu a Wurno, hubbarensa na nan har yau. Gobirawan da suka tsira kuwa, Mayaƙi ya kai su Tsibiri, kusa da Maraɗi ƙwarai, suka kafa sabuwar fada. Daga baya wani ɗan sarautarsu, Ɗan Halima, ya ɓalle ya dawo ya kafa Sabon Birni. Gida ɗaya ke nan, yau rabinsa na kashe naira, rabi na kashe sefa.

Da Bature matafiyi Barth, wanda ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarimu, ya iso a 1853, a Wurno ya tarar da fadar Sarkin Musulmi Aliyu Babba, kuma zancen harin Gobirawa bai ƙare ba. To abokin gabar da kuka yi shekaru kuna gwabzawa, kuna sulhu, kuna auratayya, kuna cin kasuwa ɗaya, ba baƙo ba ne. Kar a manta Shehu Usmanu kansa a Maratta aka haife shi, garin da yau ke cikin Nijar.

Iyakar da ake taƙama da ita fa? A 1898 Ingila da Faransa suka ɗora tsinin alƙalami kan Sakkwato a taswira, suka zana baka mai nisan mil 100. Faransawa suka koka cewa an bar su da hanyar da babu rijiya tsakanin kogin Kwara da Damagaram, aka sake zama a 1904 da 1906, aka turo layin kudu. Ƙishirwar sojan Faransa ce ta yanke inda Bagobiri zai zama ɗan Najeriya ko ɗan Nijar. Ruwa dai bai karanta yarjejeniyar ba. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shiga Nijar ya wuce Maraɗi da Tsibiri, ya juyo ya faɗa Rima, har ya taru a madatsar Goronyo da aka gama a 1984. Shinkafar fadamar Wurno, wani ruwan da ta sha ya kwana a Nijar.

Ko zancen dogo da Maraɗi ba sabo ba ne. Jirgi ya iso Kano a 1911, gyaɗar Maraɗi kuma ta nan ta riƙa bi zuwa teku, har Faransawa suka ji haushi, a 1953 suka ƙirƙiro wani shiri da suka raɗa wa sunan tsattsewa, don a kwashi gyaɗar a mota zuwa Paraku, jirgi ya kai ta Kwatano. Abin da ake yi yau ƙoƙarin dawo da cinikin da aka karkatar ne.

In da ƙorafin da ya dace, ga shi: birnin Sakkwato bai taɓa jin kukan jirgin ƙasa ba. Reshen da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau, ya tsaya cik a Ƙaura Namoda a 1929, don auduga da gyaɗar wajen ne Bature ke so. Sardauna, haifaffen Rabah, wanda ya yi hakimcin garin kafin ya zama Firimiyan Arewa, a zamaninsa aka ja dogo zuwa Maiduguri, amma na gida bai ƙara taku ɗaya ba. Yanzu saura ƙiris a cika shekara 100 da tsayawar dogon a Ƙaura.

Na tsaya bakin wata gona a Goronyo lokacin cirar albasa. Buhuna jere a rana, 'yan dako zaune, ɗan kamasho na ta buga waya yana neman tirela. Manomin ya ɗaga albasa ɗaya ya matsa wuyanta da babban yatsa, ruwa ya fito. "Ka gani, malam? Kwana biyu nan gaba sai dai a zubar." Wadda ta samu mota kuma, sai ta biya kuɗin shinge bayan shinge kafin ta ga Kudu. Albasar Galmi da ke tsallakowa ta Ƙonni da Illela, wahalar ɗaya ce. Da aka rufe iyaka a 2019, da kuma bayan juyin mulkin Yamai na Yulin 2023, kowa a nan ya ji a tukunyarsa. Da 'yan bindiga suka addabi Sabon Birni da Isa da Rabah kuwa, dubban mutanenmu jihar Maraɗi suka nufa, aka buɗe musu ƙofa.

Saboda haka 'yan majalisarmu na gabashin Sakkwato su daina zama 'yan kallo a gardamar da ba tasu ba. An fara babban titin Illela zuwa Badagiri, madalla, amma titi ba ya ɗaukar abin da tarago ke ɗauka. Su tashi a zauren majalisa su tambayi ministan sufuri, da baki ba a takarda ba, yaushe dogo zai bar Ƙaura Namoda ya nufo Sakkwato da Illela, kuma nawa aka ware masa a kasafin bana.