Turancin Yaranmu: Ina Gizo Yake Saƙar?

Ranar da za mu yi hutun zango na biyu, wata uwargida cikin ɗalibaina na ajin matan aure ta tsaya bayan an tashi, ta zaro littafin 'yarta daga ƙarƙashin hijabi ta miƙo mini. Ta ce, "Malama, don Allah duba mini. Anya yarinyar nan tana da ƙwaƙwalwa kuwa?" Na buɗe, ko'ina jan biro kamar an yanka kaza. Yarinyar kuwa na san ta, izu 20 ke kanta, ba ta gargada. Tana aji biyu na babbar sakandare, baɗi za ta zauna WAEC da NECO, kuma kowa ya sani duk wanda bai samu kiredit a Turanci ba, jami'a sai dai ya hango ta daga bakin ƙofa. A JAMB ma Turanci dole ne a kan kowa, ko Larabci yaro zai karanta.

Na tafi da littafin gida na zauna na ƙirga. Wuraren da malaminta ya ja wa layi sun haura 40, amma da na tattara su sai na ga kuskure iri 5 ne kacal take ta maimaitawa. Kuma kusan dukkansu asalinsu ɗaya: Hausa ce tsantsa aka sanya wa rigar Turanci.

Bari in fara da abin da zai kwantar miki da hankali. Jerin jimlar Turanci da na Hausa hanyarsu ɗaya. Mai aikin ne ke fara zuwa, sai aikin, sai wanda aikin ya faɗa wa, wato abin da malaman nahawun Hausa ke kira aikau, aikatau da karɓau. Mu mu ce "Binta ta dafa shinkafa", su su ce "Binta cooked rice". Mu ce "Na ba Amina littafi", su ce "I gave Amina a book", mutum kafin kaya, daidai wa daida. Waɗanda suka taɓa Ajrumiyya a cikinku sun san Larabci ba haka yake ba, domin a jumla fi'iliyya aikin ne kan gaba, sannan fa'ili, kuma wasalin ƙarshen kalma shi ke nuna wanda ya yi da wanda aka yi wa. Turanci da Hausa ba su da wannan gata, jeri kawai suka dogara da shi. "Kare ya ciji yaro" daban, "yaro ya ciji kare" daban. Ashe ke nan yaron Bahaushe ya shigo aji da rabin darasin a bakinsa bai sani ba.

Masana ma sun nuna ginshiƙan ba su da yawa. Randolph Quirk da abokan aikinsa, a babban littafinsu na nahawun Turanci na 1985, gida 7 suka kasa sassauƙar jimla. Duk dogon Turancin da kike ji a rediyo a kan waɗannan aka ɗora shi.

To ina matsalar take? Ta farko, wannan "ta" ɗin da ke cikin "Binta ta dafa". A Hausa ba a yar da ita, domin ita ke gaya mana lokaci: ta dafa, tana dafawa, za ta dafa. Shi ya sa yaro zai rubuta "Binta she cooked rice", a zuciyarsa yana ganin ya cika jimla. Turanci kuwa in an ambaci suna an gama, ba a sake kawo wakilinsa. Lokacin da aka yi aikin a jikin aikatau ake nuna shi, "cook" ya koma "cooked". Akwai kuma masu taurin kai wajen 200 da ba sa bin wannan ƙa'ida, irin su "go" da ke komawa "went", da "eat" da ke komawa "ate". Waɗannan ba su da wata dabara sai hadda, kuma ai hadda gadonmu ce.

Ta biyu ita ta fi yawa a littafin yarinyar nan, kuma a ganina laifin yadda aka koyar da mu ne tun firamare. An ce mana "ina" shi ne "I am", aka bar mu a nan. Gaskiya ne "ina tafiya" shi ne "I am going". Amma Bahaushe yana cewa ina da, ina so, ina jin yunwa, sai yaro ya kwashe su duka ya zuba a ma'auni ɗaya: "I am having two brothers", "I am wanting water". Bature yana raba aikin da ido ke gani ana yi da halin da mutum yake ciki. Mallaka, so, sani, fahimta, duk ba sa karɓar wannan "ing" ɗin a maganar yau da kullum. Sai dai a ce "I have", "I want", "I know", "I understand". Kalmar "ji" kuwa ita ce uwar rikici, domin mu da ita muke jin magana, mu ji wari, mu ji sanyi, mu ji ɗanɗanon miya, alhali su kowanne da kalmarsa. Na taɓa jin babba da rawaninsa yana cewa "I am hearing smell", ba wanda ya yi dariya, don duk wurin haka muka fassara a zuci.

Sai tambaya da korewa. Mu in za mu yi tambaya, jimlar tana nan yadda take, murya kawai za mu ɗaga, ko mu ƙara "shin" ko "ko": "Kin ci abinci?" Turanci sai an ɗauko ɗan aike an sa a gaba, wato "do", "does" ko "did". Abin da za ki riƙe a nan shi ne, da zarar ɗan aiken ya shigo, shi ke ɗaukar kayan lokaci, aikatau ya koma yadda aka haife shi. "She went", amma "Did she go?" da "She did not go". Ba a cewa "Did she went?", kamar a ce an ɗora wa mutum biyu tulu ɗaya ne. Haka "He eats" ke zama "Does he eat?", wannan "s" ɗin ta tashi ta koma jikin "does".

Na huɗu gajere ne. "Ita malama ce", "ce" a ƙarshe. Su kuwa tasu a tsakiya take, "She is a teacher", kuma ba a tsallake ta yadda mubtada'i da habari ke zama a Larabci ba komai tsakaninsu.

Na biyar su ne 'yan ƙananan kalmomin da ke manne wa aikatau. Mu muna cewa "saurari Malam", "jira ni", kai tsaye. Su sai "listen to", "wait for", "look at". Wani wurin kuma inda yaro ke zaton akwai, babu: "discuss the matter" ake cewa, ba a sa "about". Kada ki wahalar da kanki neman dalili, tare ake haddace su kamar tagwaye. Kuma kada a raina su don ƙanƙanta. Lokacin da aka tara rubutun Turancin Amurka na shekarar 1961 a Jami'ar Brown, kalma wajen miliyan 1, aka ƙirga, "the" ita kaɗai ta cinye kusan kashi 7 cikin 100, sai "of" da "and" suka biyo baya. Yaranmu suna can suna farautar manyan kalmomi don burge mai maki, ga masu gidan nan an bar su a tsakar gida.

Na san wata za ta ce, "Malama, ni fa iyakata aji uku, me zan iya?" Abin da na gaya wa waccan uwargida shi zan gaya miki. Ki ɗauki jimla ɗaya tak a rana, ki riƙa sauya mata kalma ɗaya, yaro yana amsawa, kina tsinar shinkafa yana gefenki. "I gave Amina a book." Sauya littafin da cokali, sauya Amina da Baba. Sannan ki ce ya mayar da ita tambaya, ya kuma kore ta. Minti 10 ya isa. Wannan ba sabuwar dabara ba ce, irinta A. S. Hornby, mai ƙamus ɗin Oxford da ke hannun ɗalibai, ya yi aiki da ita lokacin da yake koyar da Turanci a Japan, kuma ita muke yi a Islamiyya in muna tasrifi: kataba, katabat, katabtu. In babbar yaya tana gida, ki sa ta duba amsar.

Abu ɗaya da ban yarda da shi ba shi ne iyayen da ke hana yara Hausa a gida wai don Turanci ya zauna. Duk bayanin da na yi a sama, da Hausa na kama Turancin. Yaron da ya san inda "ta" take zama a jimlar uwarsa shi zai gane dalilin da ya sa ake cire ta a ta Bature.

Na mayar wa uwargidan nan littafin da kurakuran 5 a rubuce a bangon baya. Mako 3 da komawa hutu ta ce mini "Binta she" ta ɓace, amma har yanzu suna kokawa da "did". A fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu, za mu duba "a", "an" da "the", da inda "littafi" ya bambanta da "littafin".