Yadda Karon Manyan Gungun Taurari Ke Haifar da Ƙananan Gungu

A wannan sashe za mu duba wani batu na ilimin sararin samaniya wanda koyar da shi da Hausa ke buƙatar hattara. Kalmar "karo" takan sa ɗalibi ya hango fashewa da rugujewa, alhali abin da ke faruwa tsakanin manyan gungun taurari, wato galaksi, ya sha bamban da haka.

Tazarar da ke tsakanin tauraro da tauraro tana da faɗi ƙwarai. Don haka idan gungu biyu suka haɗu, da wuya taurarinsu su bugi juna; gungun ne ke ratsa juna cikin ɗaruruwan miliyoyin shekaru. Abin da ke aiki shi ne ƙarfin jan da kowane gungu ke yi wa ɗan'uwansa. Jan ya fi tsanani a ɓangaren da ke kusa, kamar yadda wata ke sa ruwan teku ya tumbatsa. Wannan bambanci ne ke yago taurari da iskar gas daga gefen gungu, ya miƙar da su su zama doguwar jela. A 1972 Alar Toomre da ɗan'uwansa Juri suka nuna hakan ta hanyar lissafin kwamfuta.

A cikin jelar, musamman wajen ƙarshenta, gas yakan dunƙule saboda nauyinsa har sababbin taurari su kunno kai. Idan dunƙulen ya kai nauyin da zai riƙe kansa, sai ya zama ƙaramin gungu. Fritz Zwicky ya yi hasashen haka tun 1956, kuma a 1992 Felix Mirabel da abokan aikinsa suka ba da rahoton irin wannan dunƙule a ƙarshen ɗaya daga jelunan tagwayen gungun NGC 4038 da NGC 4039.

Da alama biyu masana ke gane irin wannan gungu. Gas ɗinsa yana ɗauke da sinadarai masu nauyi kamar oksijin, waɗanda ya gada daga uwarsa. Haka kuma bai ƙunshi ɓoyayyen abin nan marar haske ba sai kaɗan, alhali shi ne mafi yawan nauyin sauran ƙananan gungu. Da yawansu kan sake faɗawa cikin uwarsu. Waɗanda suka yi nisa ne ke ɗorewa.

Shawararmu ga masu tsara manhaja ita ce a gabatar da misalin wata da teku kafin a ambaci karo, domin ɗalibi ya fahimci jan kafin ya ji sakamakonsa.